Ranakun Hutun da Na Soke

Lahadi, bayan sallar la'asar

Yaya ya zo, ya yanke hukunci, ya tafi. Ko zama bai yi ba. A ƙofar ɗakin Inna ya tsaya da makullin mota a hannu, yana kallon ɗinki ukun da ke goshinta, ya ce nan da mako huɗu, ranar Asabar, zai zo da wata mai gashin ƙashi. Za ta tsaya ta ga yadda nake ɗaga Inna daga gado zuwa kujera ni kaɗai. Idan ta gamsu, Inna ta ci gaba da zama a wurina. Idan ba ta gamsu ba, zai mayar da ita gidansa. Kafin ranar, matarsa za ta riƙa zuwa kullum mu ɗaga ta mu biyu, kuma ita za ta karɓi zaman da maƙwabciyata ke yi da Inna idan na tafi makaranta.

"Ba laifinki nake gani ba, Malama," in ji shi. "Shekaru ne. Ke ma fa kin ba hamsin baya."

"Arba'in da tara."

"To kin ji ma."

Shekara goma sha ɗaya Inna take gidan nan, biyu daga ciki ɓarin jikinta na hagu a shanye. A shekara biyun nan na ɗaga ta safe da yamma, ba wanda ya zo kallo. Laraba guda ɗaya, ranar da ta faɗi, ita ce kowa ya gani.

Hannuwana ne suka gaza. Hannu kuwa ana iya ƙara masa ƙarfi.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Matar Yaya ta iso da ƙamshin turarenta da awarwaronta da wata tabarmar roba, wadda ta shimfiɗa a banɗakina ba tare da ta tambaye ni ba. Inna ta ce musu santsi ne ya jawo abin, su kuma sun yarda. Ban musa ba. Amma duk wanda ya san ni ya san ba a barin ɗigon ruwa a tayil ɗin banɗakina.

Ta kawo mini littafi kuma. Na koyon ƙarfafa jiki ne, ba da ƙarfe ba, ba da na'ura ba, da nauyin jikin mutum kawai, cikin mako goma sha biyu. A bangonsa akwai wani saurayi mai ƙirji kamar ƙyauren shago, ba riga, yana murmushi kamar an yi masa bushara.

"Wallahi Malama yana aiki," ta ce. "Da shi na mayar da cikina bayan haihuwar auta."

Na yi godiya. Na naɗe shi da takardar siminti kamar littafin ɗan aji ɗaya, don kada saurayin ya riƙa kallona a ɗakin da nake sallah. Babi na ƙarshe na masu jego ne. Na yage shi a tsanake, da rula.

Litinin, bayan magariba

A shafi na tara akwai gwajin farko: sau nawa za ki tashi daga kujera cikin rabin minti, sau nawa za ki tura bango, tsawon wane lokaci za ki tokare da gwiwar hannu jikinki a miƙe kamar katako. Na yi duka. Na duba jadawalinsa, na bi layin masu shekaruna da yatsa.

Ya ce ƙarfina ya fi na yawancin sa'o'ina. Ya ce in yi alfahari.

Maƙaryaci. Bai san ni ba, bai san nauyin Inna ba, bai taɓa shiga banɗakin nan ba. Haka yake gaya wa kowa don a ci gaba da karanta shi. Na ja wa jadawalin layi biyu da jan biro.

Hannuwana ne suka gaza.

Talata, bayan sallar asuba

Na zauna na yi lissafi. Littafin yana neman mako goma sha biyu, ni huɗu aka ba ni. Amma da na duba, a kowane mako kwana huɗu ne na aiki, uku na hutu. Kwana talatin da shida cur an rubuta wa mutum ya zauna kada ya yi komai, kuma an buga wannan a takarda an kira shi ilimi. Na soke su ɗaya bayan ɗaya. Saura arba'in da takwas. Zan yi biyu-biyu a rana, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar. Kwana ashirin da huɗu ke nan. Zan gama ranar Alhamis ta ƙarshe, da rarar kwana ɗaya.

Ban taɓa jin an ce wa mai jinya yau ranar hutunki ce ba.

Na fara a ɗakin Inna, domin nan ne kaɗai bangon da ba kabad a jikinsa. Na zaci barci take.

"Alƙaliya," ta ce, da bakin nan nata da ya karkace amma bai dakushe ba. Tun ina ƙarama take kirana haka. "Me bangon ya yi miki?"

"Motsa jiki nake, Inna."

"To ki bi shi a hankali. Haya muke."

Laraba, ƙarfe shida na safe

Mako ɗaya da faɗuwar Inna. Na yi nawa na yau. Ban shiga banɗakin ba sai da matar Yaya ta zo.

Alhamis, bayan la'asar

Cinyoyina ciwo suke kamar an dake su da taɓarya. Hawa matakalar makaranta yau sai da na kama ƙarfe. Na ji daɗin ciwon, kuma wannan jin daɗin ne ban yarda da shi ba. Ya kamata in bincike shi.

Tsugunno da miƙewa sau sittin. Inna tana ƙirgawa daga gado, da gangan take tsallake lamba.

"Shekara ashirin kina sa 'ya'yan mutane tsallen kwaɗo," ta ce. "Yau ga shi Allah ya kawo ranarki."

Matar Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ma ta yi. Na manta rabon da in ji dariyar Inna a gidan nan. Ashe tana nan, ni ce ba a fito mini da ita.

Asabar, hantsi

Na kama kaina ina ƙirga turin bango da gaɓoɓin yatsu, yadda nake ƙirga tasbihi, har leɓena ya fara motsi da abin da bai kamata a haɗa da wannan aiki ba. Na tsaya, na nemi gafara. Daga yau da alli zan riƙa yin layi a bayan ƙofa.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: don Inna nake wannan, ko don kada Yaya ya yi nasara? Na juya ta ta kowace fuska. Amsar da nake so ba ita ce take fara zuwa ba.

Litinin, lokacin tara, a ofishin malamai

Fanka ta mutu tun zangon da ya wuce. Littattafan aji uku tamanin da ɗaya suna gabana, na duba goma sha biyu. Na fito da littafin saurayin don in ga aikin yamma, sai malamin wasanni ya leƙo ta bayana da usur ɗinsa a wuya da kofin shayi a hannu. Yaron nan ni na koyar da yayarsa.

"Innalillahi! Malama, wa ya faɗi jarrabawa haka? Ja ko'ina!"

Na rufe. Ya roƙa, na ba shi, don kada a ce na ɓoye wani abu. Ya yi ta buɗawa yana kaɗa kai.

"Me ya sa kika kashe waɗannan?"

"Ba komai a cikinsu."

"Malama, ai su ne littafin. Turin bango da tsugunno wa bai iya ba? Kakata ma ta iya. Abin da mutum ba ya iya yi wa kansa shi ne ya san yaushe zai ƙara, yaushe zai tsaya. Tsoka fa ba a lokacin da kike wahalar da ita take girma ba, sai kin ƙyale ta."

"Wato kai ma ka yarda takarda ta fi ni sanin jikina."

"A'a. Takarda ba ta ganin ki, wannan gaskiya ne, shi ya sa ni ba kowane littafi nake ba mutane ba. Rabinsu hoto ne kawai. Amma wannan da sauƙi-sauƙi, mai hankali ne ya tsara shi." Ya kurɓi shayi. "Ke idan ɗalibi ya ce zai karance manhajar shekara uku a wata ɗaya, me za ki ce masa?"

"Sai in tambaye shi wa ya ba shi wata ɗayan."

Na karɓi littafina. Mutumin da aikinsa busa usur yara su yi gudu shi ne zai koya mini haƙuri.

Laraba, bayan la'asar

Mako biyu. Na yi na safe, na yi na yamma, na ƙara ashirin da ba a ce ba.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ba zan ɓoye ba, matar Yaya ta iya ɗaga mutum. Tana sa gwiwarta tsakanin gwiwoyin Inna, ta matso har ƙirjinsu ya haɗu, ta ce ɗaya, biyu, uku, su tashi tare kamar masu rawa. Ni nesa-nesa nake riƙewa, da ƙarfin dantse, kamar mai ɗauke tukunya daga wuta. Yau ta tsaya tana nuna mini.

"Matso da ita jikinki, Malama. Rungume ta za ki yi. Kamar dai yadda ake ɗaukar yaro idan barci ya kwashe shi a..."

Ba ta ƙarasa ba. Inna ta juya fuska ga bango. Ni kuma na tafi duba ruwan da ban ɗora ba.

Ba da mugunta ta faɗa ba. Na san haka, kuma sanin bai rage komai ba. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta.

Juma'a, bayan asuba

Littafin ya ce a yi murmushi lokacin motsa jiki domin yana sassauta wuya. Na rubuta masa a gefe: Kawo hujja.

Ya ce, "Ki saurari jikinki." Na saurara. Shekara arba'in da tara ina sauraronsa, ban ji ya taɓa faɗin abin da zai amfane ni ba. Barci yake so, da zaƙi, da a tausaya masa.

Amma na daina turin bango, na koma turin bakin tebur, jiya kuma na yi na ƙasa sau huɗu a kan gwiwa. Hannun rigata ya fara matse ni a dantse. Wannan ba zan hana saurayin ladansa ba.

Lahadi, azahar

Yaya ya kira. "Ya jikin Inna? Ya 'yar dambenmu?" Wato an kai masa labari, ana yi da ni a teburin cin abincinsu.

Ya ce ya sa an gyara ɗakin ƙasa, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, "ko da za a buƙata." Saura kwana goma sha uku, shi har ya sayi labule.

Na ce masa Allah ya saka da alheri. Sannan na zauna na yi istigfari a kan abin da zuciyata ta faɗa a ƙarƙashin addu'ar.

Litinin, bayan la'asar

Mako na bakwai a lissafin littafin. Ana kwanciya a ƙarƙashin tebur, a kama bakinsa, a ja jiki sama. Wannan ne aikin da ya fi kama da ɗaga mutum, don haka na ninka shi. A na goma sha ɗaya wani abu ya yi ƙara a kafaɗata ta dama, ƙarama, kamar an karya tsinken tsintsiya.

Na ƙarasa sha shida.

Ba komai ba ne.

Talata, ƙarfe shida na safe

Ba komai ba ne. Na sa riga ta ƙafa.

Laraba, tashi daga makaranta

Mako uku.

Malamin wasanni ya wuce ta tagar aji uku, ya dawo da baya, ya tsaya yana kallon allo. Da aka tashi ya tare ni a matakala.

"Malama, yaushe kika fara rubutu daga tsakiyar allo?"

"Na baya ba sa ganin sama."

"Na baya saman kaɗai suke gani." Ya rage murya. "Kafaɗa ce ko? Ɗaga hannun in gani."

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Don Allah ki sa ƙanƙara, ki daina komai, ki je a duba. Idan jijiya ce kika ci gaba, ba maganar mako ake ba, maganar watanni ce."

Na ce na ji. Na dawo gida na yi na yamma, da hagu inda dama ta ƙi. Na tsani yaron nan. Na tsani saurayin da ke cikin takardar siminti. Na tsani duk wanda ya yi gaskiya a makon nan.

Juma'a, bayan magariba

A ɗakin Inna nake sallar magariba tun da ta kwanta, don ta bi ni da ido. Da na sallame ta ce:

"Hannunki na dama bai kai ba."

"Ina?"

"A kabbara. Na hagu ya je kafaɗa, na dama ya tsaya a ƙirji. Tun Talata nake gani. A sujada kuma kina karkata kamar jirgin da ya sha ruwa."

"Gajiya ce."

"Alƙaliya, ni na haife ki."

Na naɗe sallaya. Ta ce in matso, na matsa. Ta sa hannunta mai lafiya ta danna daidai wurin, ban san lokacin da na yi ƙara ba.

"Matar yayanki ta sani?"

"A'a. Ita take ɗaukar ɓarin nauyi, ni ina tallafawa da hagu."

"To kada ta sani." Ta gyara kwanciya. "Ni ba inda za ni. Gidan can talabijin ba ya mutuwa, kuma yaran nan ihu suke yi mini a kunne kamar kurma ce ni. Nan na saba. Ko da masifarki."

Ban san tana son zama ba. Ban taɓa tambayarta ba. Yaya ma bai tambaya ba. Mun yi ta jan ta tsakaninmu kamar buhu.

Lahadi, hantsi

Na daina ja da turi. Tsugunno kaɗai. Layukan allin da ke bayan ƙofa sun tsaya a rabi, kamar haƙoran tsoho.

Na ɗauko littafin da niyyar in same shi da laifi, in ga inda ya ce a yi abin da ya ji mini ciwo. A kan shafin teburin, cikin akwati, da manyan baƙaƙe, ya rubuta: kada a wuce sau takwas, kada a yi kwana biyu a jere. Akwai layin jan birona a kansa. Ban ma tuna na ja ba.

Babu abin da ya fi ciwo kamar ka je kama ɓarawo ka tarar da sawun takalminka.

Laraba, bayan asuba

Mako huɗu. Saura kwana uku.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ce ranar da lissafina ya ce zan gama. Na gwada ɗaga bokitin ruwa rabi da hannu biyu. Ya kai gwiwa, kafaɗar ta saki da kanta, ba ta yi shawara da ni ba. Ruwan ya malale a tsakar ɗakin girki. Na tsaya ina kallon sa.

To haka gazawar hannu take. Yanzu na san kamanninta: zafi ne kamar wuƙa, sannan babu. Ba ta zuwa a shiru.

Ranar Larabar nan ban ji zafin komai ba.

Juma'a, bayan la'asar

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Larabar nan, na gama yi mata wanka. Na goge tayil kamar kullum. Na sa hannu a hammatarta don in tashe ta daga kujerar wanka, na matse fiye da kima, domin na makara kuma raina a ɓace yake tun safe. Ta yi ƙara. Ta ce, "Ke da kin taɓa haihuwa da kin san yadda ake riƙe mutum."

Aurena shekara goma sha huɗu, ya ƙare babu ko ɓari. Ba ta taɓa faɗa ba. Kowa ya faɗa, ita ba ta taɓa ba.

Sai ga ta a ƙasa, goshinta a bakin famfo.

Tsakanin maganar da faɗuwar akwai numfashi guda. Shi nake nema wata ɗaya ke nan. Na neme shi a bango, na neme shi a ƙarƙashin tebur, na neme shi a sujada. Ban ce na sake ta ba. Ba zan iya rantsuwa ban sake ta ba. Na so a ce rauni ne, domin rauni yana da littafi, yana da jadawali, mako goma sha biyu an gama. Shi kuwa shafi na tara tun ranar farko ya gaya mini ba ni da rauni, na kira shi maƙaryaci.

Ya Allah, Kai Ka ga numfashin nan. Ni ban gan shi ba.

Gobe ƙarfe goma.

Asabar, bayan azahar

Sun zo goma saura. Mai gashin ƙashi mace ce gajera mai fararen takalma, ba ta da yawan magana. Ta gaida Inna, ta duba tsayin gado, ta ja kujerar ta taka mata birki. Yaya yana ƙofa da makullinsa. Matarsa tana bayansa, ta ɗaga mini babban yatsa.

"Bismillah, Malama. Yadda kika saba."

Ban yi yadda na saba ba. Na sa gwiwata tsakanin gwiwoyin Inna, na matso har ƙirjinmu ya haɗu. Ta saƙalo wuyana da hannunta mai lafiya. Ƙamshin man da nake shafa mata ne a gashinta. Ban tuna rabon da mu kusanci juna haka ba. Bakinta yana daidai kunnena.

"Ɗaga," ta ce a hankali. "Zan taka da ƙafar kirki, in ɗauke miki rabi. Ba za su gane ba. Taki uku ne."

Taki uku ne. Wataƙila da mun kai. Ta san kafaɗar, ta san Larabar fiye da kowa, kuma ga ta ta rataya dukkan nauyinta a wuyana ta ce in ɗaga.

Na tuna bokitin.

Na zare hannunta daga wuyana, na ajiye mata shi a cinya, na miƙe.

"Ba zan iya ba," na ce. "Na ji ciwo a kafaɗa, kwana goma sha biyu ke nan. Na ɓoye muku."

Matar Yaya ta dafe ƙirji. Yaya ya ce, "Subhanallahi, Malama!" Inna kuwa ta kalle ni da idon nan da take kallona tun ina shekara bakwai, ranar da na kai ƙarar kaina wurin Baba a kan kofin da ba wanda ya san ni na fasa.

"Alƙaliya," ta ce. "Ko kanki ba ki bari ba. Allah ya shirye ki. Taki uku!"

Mai gashin ƙashi ta sa na ɗaga hannu gaba, gefe, baya. Ta ce da alama jijiyar ba ta tsinke ba, amma sai an ɗauki hoto. Ta ga littafin a kan tebur, ta buɗe, ta daɗe a kan jan birona.

"Wa ya yi wannan gyaran?"

"Ni."

"Littafin ba shi da laifi. Ba na mai jinya ba ne, bai koya miki ɗaga mutum ba, wannan ni zan koya miki. Amma da kin bi shi yadda yake, da yau kin wuce." Ta rufe. "Mako shida ba ɗaukar komai. Sannan ki fara daga shafi na ɗaya. Na ɗaya fa, Malama."

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Sun tafi da ita.

Ni na haɗa kayan da hannu ɗaya: magunguna, zannuwa shida, kofinta mai marfi, carbinta. Yaya da matarsa suka sa ta a mota. Ba ta yi mini magana ba tun hantsi. Da na sunkuya in gyara mata ƙafar da ba ta motsi, sai ta kama wuyan hannuna, ta matse da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ranar nan," ta ce, tana kallon gaba, "ni na fara."

"Inna..."

"Rufe ƙofar, iska na shigowa."

Yaya ya zagayo ya tsaya kusa da ni, yana juya makulli. Ya ce idan kafaɗar ta warke, na gama littafin, a sake kiran matar ta duba. Ya ce wannan karon za a tambayi Inna. Mako shida da goma sha biyu, sha takwas ke nan. Ban ce masa "to" ba. Na ce, "Zan riƙe ka a kan wannan."

Tabarmar robar tana nan a banɗaki. Na bar ta.

Lahadi, hantsi

Gadon a gyare. Na yi sallar asuba a ɗakinta duk da haka. Ba wanda ya duba inda hannuna ya kai.

Na ɗauki baƙin biro na bi ranakun nan talatin da shida, na rubuta a gefen kowace: A bar shi yadda yake. Har yanzu ina ganin murmushin saurayin nan na rainin hankali ne. Ban cire takardar simintin ba.

Litinin, bayan mako shida, bayan sallar asuba

An ba ni izini. Jiya na je gidan Yaya, Inna ta ce labulen ɗakin kamar na shagon aski, ta tambaye ni saura mako nawa. Na ce sha biyu. Ta ce, "Kada ki yi mini lissafin nan naki."

Shafi na ɗaya. Turin bango, sau biyar. Na goge tsofaffin layukan bayan ƙofa, na tsaya a gaban bangon ɗakinta, na dafa.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Hannuwana sun nemi na shida. Na sauke su.

Gobe hutu.